Filin Makiyayi: Me Ya Sa Ƙudan Cizo Ke Bin Rago Ɗaya Su Bar 'Yan Uwansa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk na ƙuda ne, kuma ba mamaki, damina tayi nisa, Binuwai ya cika ya batse, ko'ina ka leƙa bayan gida caɓi ne. Na zaɓi guda huɗu, na farkon shi zai ci mana wuri don sauran duk a jikinsa suke rataye.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Raguna uku na turke a bayan gida, biyu farare ɗaya baƙi ƙato, abinci ɗaya nake basu, harawa da dusa da turto, amma baƙin nan kullum cikin buga ƙafa yake da girgiza jiki, da rana ko cin kirki baya yi. Maƙwabcina yace jininsa ne mai zaƙi, wani kuma yace baki aka yi masa. Ni dai inaso in sani, da gaske ƙuda na zaɓen dabba? Kuma ta yaya mutum zai tabbatar ba zato kawai ba? Daga mai turka, Pitowa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a turkar. Eh ƙuda na zaɓe, amma maganar zaƙin jini a ajiye ta gefe, ai sai ya ciza zai san ɗanɗanon, to me ya kawo shi tun kafin ya ciza? Hanci ne ya kawo shi da ido. Daga nesa numfashin dabba yake bi, wato iskar nan da duk mai rai ke fitarwa, kabon dayoksaid, da wasu ƙamshe-ƙamshe da ke cikin numfashin kamar asiton da oktenol, sai kuma warin tsohon fitsari wanda bobuwa da tsando ke mutuwar so. Babbar dabba tafi ƙarama fitar da numfashi, kaga kenan ƙaton ragonka tun daga nan ya riga 'yan uwansa kiran baƙi. In ƙudan ya matso kusa sai ido ya karɓi aiki, girma yake dubawa da duhun launi, baƙi da shuɗi sun fi jansa, fari bai cika damunsa ba. A 2019 wasu masu bincike a Japan sun zana wa baƙaƙen shanu ratsin farin fenti kamar na jakin dawa, ƙudan cizon da ke sauka jikinsu ya ragu da kusan rabi. Bance kaje ka yiwa ragon layya fenti ba fa, kar 'yan kasuwar Pitowa su ce ni na aike ka.

Amma Alhaji ga inda nake so ka tsaya ka fahimta, don nan ne mutane ke ruɗewa har da masu takardun ma. Ƙudan da ya zo kusa da rago daban, wanda ya sauka jikinsa daban, wanda ya samu ya sha jini ya ƙoshi shi ma daban. Lissafi uku ne. Zaka ga rago ƙuda sun yanyame shi amma shi ɗan faɗa ne, da an taɓa shi ya buga ƙafa ya girgiza fata ya kai kai baya, ba mai samun natsuwar sha. Wani kuma lagwani ne ko mara lafiya, ƙuda kaɗan ke zuwa amma duk wanda ya sauka sai ya cika ciki. Toh wanne aka fi cutarwa? Na farkon yana asarar ci da hutu, na biyun yana asarar jini. Buga ƙafar da kake gani ba shaida bace ta cewa shi aka fi sha, shaida ce dai ta cewa shi yafi jin haushi.

Yadda zaka gwada a gida ba sai ka kashe ko dala ba, kaye ɗaya, wato littafin rubutu, da bik da agogon wayarka. Ka zaɓi lokaci biyu, a ce hantsi da kuma bayan la'asar, kullum lokacin nan ba canji, don ƙuda na da lokutan fitowarsa, in yau ka ƙirga da safe gobe da azahar to rana ka auna ba rago ba. Ka zauna nesa kaɗan kamar taku biyar, ka bari su manta da kai tukuna, sannan ka ba kowane rago minti biyu. Ka ƙirga ƙudan da ke zaune a ƙafafu, ka rubuta, na ciki ka rubuta, na gadon baya ka rubuta. In kana da yaro mai natsuwa shi kuma ya riƙa ƙirga sau nawa ragon ya buga ƙafa cikin minti biyun nan.

Sai babban sharaɗi, wanda in ka bar shi aikin banza kayi: ka riƙa sauya musu turke. Wa ya sani ko baƙin ragon nan turkensa ne yafi kusa da juji ko kwata, ko shi ne a bakin iska inda ƙuda ke fara shigowa? Raguna uku, turke uku, yau baƙin na turken gabas, gobe na tsakiya, jibi na yamma, sauran ma suna zagayawa, cikin kwana uku kowa ya ɗanɗana kowane wuri. Ka maimaita zagayen sau biyu ko uku, kwana shida ko tara kenan. In ƙuda sun bi baƙin duk inda ya koma, to shi suke so. In kuwa duk wanda ya zo turken gabas shi ke shan wahala, to rago bashi da laifi, wurin ne, sai ka ɗauki shebur.

Kuma ka tabbatar ƙudan cizo kake ƙirgawa. Akwai wani da ke kama da ƙudan gida sak, in ba ka lura ba baka bambance su, masana na ce masa Sitomoksis, shi ne yafi addabar dabbar turke. Ka duba bakinsa in ya sauka a bango, zaka ga wani ɗan tsinke baƙi ya miƙe gaba kamar allura, ƙudan gida bashi da wannan, nasa bakin na lasa ne kawai. Shi ƙafa yake so, daga gwiwa zuwa ƙasa, kuma mace da namiji duk suna shan jini, ba kamar bobuwa da sauro ba da mace kaɗai ke sha. In kana so ka ga lissafi na uku da idonka, ka kama guda goma cikin waɗanda ke hutawa a bango ko zana kusa da kowane turke, ka murƙushe kowanne a kan farar takarda, wanda ya sha zai bar maka jan tabo, wanda bai samu ba sai ɗan ruwa-ruwa. Ba cikakken awo bane amma gani ya kori ji.

Ni kaina na taɓa kwafsawa a wannan ƙirga, shekarun baya da na fara. Na je da shuɗiyar riga mai duhu, ga zufa na tuƙo keke cikin rana, na tsuguna dab da tunkiya ina rubutu, ashe rabin bobuwar wurin ni suka zo gaisarwa, na tashi da kumburi a ƙeya da lambobin da ba su da amfanin komai. Tun daga ranar farar riga nake sawa in zauna nesa, kuma ba a ɓangaren da iska ke ɗaukar warina ta kai wa dabbar ba.

Wani abu da nake yawan kallo in na ga ragon Uda, mai rabin gaba baƙi rabin baya fari, sai in ce ga gwaji nan Allah ya haɗa a jiki ɗaya. To amma shi ma da tarko a ciki, don baƙin ɓangaren shi ne mai hanci da baki, in ƙuda sun fi yawa a gaba baka san ko launi ne ko numfashi ba. Haka harkar take, kullum abu biyu na ɓoye cikin ɗaya.

Kafin ka gama ƙirgar ma ga abin yi. Sitomoksis ɗin nan ba a daji yake haihuwa ba, a ƙarƙashin ragonka yake yi, cikin ragowar harawa da ta jiƙe da fitsari da kashi ta fara ruɓewa. Ka tona da sanda zaka ga fararen tsutsotsi. Da zafi irin namu sati biyu zuwa uku sun zama ƙuda. Ka kwashe duk sati ka baza a rana ko ka kai gona, ka zuba busasshen yashi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Gaundare, ina karatun kiwon dabbobi, an bamu aikin ƙarshen shekara kuma inaso in yi kan ƙudan cizo da tumaki. Na samu aron tarko biyu na shuɗin yadi. In na kafa su kusa da garke na ƙirga abinda suka kama, ba shikenan na san yawan cizon da tumakin ke sha ba?

AMSA: A'a ƙanena, ba shikenan ba, kuma gara da ka tambaya tun kafin ka ɓata wata uku. Tarko yana gaya maka ƙudan da ke son tarko ne. Kowane tarko da irin mutanensa, mai kama da mazurari biyu a kife da juna wanda masu bincike Challier da Laveissière suka fitar a 1973 don tsandon bakin rafi aka yi shi, Vavoua wanda ya ci sunan wani gari a Kodebuwa yana kama Sitomoksis sosai, Nzi kuma na Steve Mihok da aka ƙera a Kenya, sunan ma ƙuda yake nufi da Suwahili, shi yafi kyau da bobuwa. Duk shuɗi da baƙi ne, amma ka kafa su a fili ɗaya kowanne lamba daban zai baka. Suna da amfani wajen sanin waɗanne iri ne a wurin, da wane wata suke yawa, da ko sun ragu bayan feshi. Cizo kuwa sai a jikin tunkiya ake auna shi.

Turawa ma sun sha wannan darasin. Da cutar shuɗin harshe ta ɓulla a Holan da Beljiyam da Jamus a 2006 ta yi ɓarna a tumakinsu, kowa ya dogara da tarkon fitila da ake ratayewa da dare don kama ɗan mitsitsin ƙwaron da ke yaɗa ta, Kulikoyidis, irin wanda mu muke haɗawa mu ce ƙyashi. Da aka zo aka gwada kama ƙwarin daga jikin tunkiya kai tsaye a Ingila da Sifen da Faransa sai aka ga lissafin bai zo ɗaya da na fitila ba, wani iri yana da yawa a fitila amma bai cika sauka kan tunkiya ba, wani kuma akasin haka, kuma wasu tun kafin duhu yayi suke cizo lokacin da fitila bata jan kowa.

Hanyar da zata fi maka sauƙi ita ce ta sakin labule. Ka kafa sanduna huɗu kamar rumfa, ka naɗe raga a sama, ka ɗaure tunkiya a tsakiya ka janye, bayan minti goma ka zo da sauri ka saki ragar ta rufe ta ruf har ƙasa. Duk abinda ke jikinta da wanda ke shawagi dab da ita ya shiga hannu. Sai ka shiga ciki da 'yar robar tsotsa mai kwalba da tace a tsakani don kar ka haɗiye su, ka tattara, ka ware masu jan ciki da marasa shi. A ce ka kama 40, goma sha biyu na da sabon jini, to 40 ne suka zo, 12 suka sha, misali na baka ba awon wani bane. In ƙyashin kake nema gidan sauro na kasuwa ba zai yi ba, ta cikin idon ragar suke wucewa don tsawonsu bai wuce milimita ɗaya zuwa uku ba, sai ka nemi yadi mai ƙananan ido sosai, kuma ka yi aikin dab da magariba da asuba. Ka riƙa yin zagaye ɗaya da rumfar babu tunkiya a ciki, don ka san abinda rumfar kanta ke jawowa.

Hanyar manya kuwa ta Glyn Vale ce, wanda yayi aikin tsando a kwarin Zambezi a Zimbabuwe cikin shekarun 1970. Shi ya lura cewa mutum in ya tsaya kusa da dabba yana korar wasu irin tsandon daji, musamman mata, kenan duk ƙirgar da aka yi da ɗan kama-ƙuda a tsaye da raga a hannu akwai gyara a cikinta. Sai ya ƙera allon siraran wayoyi masu lantarki waɗanda ƙuda baya gani, ya jera su kewaye da dabba da tazara tsakaninsu, ba mutum a wurin. Wanda ya faɗi ta fuskar waje yana shigowa ne, wanda ya faɗi ta fuskar ciki ya gama ziyara zai tafi, a cikin waɗannan na biyun sai a duba nawa ne suka ƙoshi. Irin wannan aikin ne ya nuna tsando yafi samun sha a jikin manyan shanu fiye da maruƙa da ƙananan dabbobi masu yawan motsi, kuma yawancin cizonsa a ƙafa da ciki yake, har aka fahimci za a iya shafa magani a waɗannan wuraren kaɗai a rage kuɗi.

In malaminka na da hanyar labo, cikin ƙudan da ya sha jini ana murza shi a takardar tace a busar, a gano jinin wace dabba ce, tunkiya ko saniya ko gadu ko mutum. Ka tuntuɓi mutanen cibiyar binciken noma da kiwo ta IRAD a Wakwa da ofishin yaƙi da tsando na MSEG, duk a nan Gaundare suke kusa da kai. Kuma kar ka yi da tunkiya ɗaya, ko huɗu ne ka samu kana juya su, ka rubuta nauyin kowace da launinta, da iska da hadarin kowace rana, ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi ƙananan ƙwarin nan basa tashi.

TAMBAYA: Malam mu nan wajen Yagwa bamu ganin tsando, amma duk ƙarshen damina in ruwan Logon ya malala bobuwa tayi yawa sai dabbobi su fara ramewa, likitan dabbobi yace sammore ne. Ya za'ayi sammore ba tsando?

AMSA: Ana yi Baba, likitan bai yi ƙarya ba. Tsando shi ƙwayar cutar ke girma a cikinsa, ya riƙe ta har ya mutu. Bobuwa kuwa allura ce kawai da ba a wanke ba. Cizonta da zafi, tsaga fata take yi, shi yasa dabba bata barinta ta gama, ta fara sha a jikin mara lafiya a kore ta, da jinin a bakinta ta faɗa kan ta kusa ta ƙarasa. In ta daɗe bata samu wata ba ƙwayar ta mutu a bakin, sai dai a garke ai ba nisa. A Burkina Faso a 2003 masu bincike Desquesnes da Dia sun haɗa shanu masu sammore irin na vivax da lafiyayyu a cikin babbar raga, suka saki bobuwa kaɗai ba tsando ko ɗaya, cutar ta tsallaka. Cutar raƙuma ta surra ma haka take yawo a ƙasashen da ba tsando. Kaga a nan ƙudan da aka kora da rabin ciki yafi wanda ya ƙoshi haɗari, shi yasa na ce wa na Pitowa lissafin ba ɗaya bane.

Abinda iyayenmu ke yi har yau shi ne daidai, hayaƙi a garke, da shigar da dabba ɗaki mai duhu lokacin da rana ta take kamar yadda Larabawan Shuwa ke yi, a fita kiwo da sassafe ko dare, don bobuwa 'yar rana ce. Ka ƙara da ware wadda ta fara rama nesa da sauran, ba taku biyu ba, nesa sosai. Allurar sammore kuma a bar wa likita ya auna da nauyin dabba, rabin-rabin da ake yi don tsimi shi ke sa maganin ya daina ci. Kuma ba duk rama bace sammore, bayan ambaliya tsutsar hanta da ta ciki ma na ramar da tumaki, in da hali a ɗebi jini a duba, labon binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, na nan Bokle kusa da Garwa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Tumakina in rana tayi sai su haɗa kai wuri ɗaya su kafa hanci a ƙasa suna buga ƙafa, ga atishawa da majina mai kauri. Nace ko ƙudan cizo ne, wata tace in fesa musu maganin auduga da ya rage wa maigidan. In fesa? Daga uwargida, Hausare, Garwa.

AMSA: Lafiya lau Hajiya. Kar ki fesa dan Allah, maganin gonar auduga ba na jikin dabba bane, yana kashe tunkiya, ga yara na wasa da su ga nama da za a ci. Na dabbobi daban ake sayarwa, wanda ake zubawa a gadon baya, kuma shi ma da awonsa.

Abinda kika faɗa ma bai yi kama da mai cizo ba. Akwai wani ƙuda da ko bakin cin abinci bashi da shi, aikinsa kawai ya zo da gudu ya ajiye 'yan tsutsotsi a ƙofar hancin tunkiya, su kuma su haura ciki su zauna suna girma har wata da watanni, in sun ƙosa tayi atishawa su faɗo ƙasa. Tumakin sun san shi, shi yasa suke ɓoye hanci. Masu fawa na ganin tsutsar in sun fasa kai. Allurar ibamektin na kashe ta, likitan dabbobi na kartiyenku zai yi musu gwargwadon nauyi, ki tambaye shi kwana nawa za a jira kafin yanka ko shan nono. Amma ki duba da kyau yau ɗin nan, in bayan majinar akwai zazzaɓi da kwantsa a ido da gyambo a baki da zawo, to wannan ba ƙuda bane, annobar tumaki da awaki ce da ake kira PPR, daga dabba zuwa dabba take kamawa, ki ware masu ciwon ki kira likita kar ki kwana, sauran kuma a yi musu rigakafi.